Faifan da Ya Rufe Bakin Yayana

Ni dai har gobe ba zan ce faifan nan ba shi da daɗi ba. Duk wanda ya ce haka, wallahi kunnensa ne a toshe. Mijina ne ya sayo shi daga Cotonou lokacin yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, a shekarun nan da sojoji ke ta ƙwace mulki daga hannun juna, mu kuwa a Parakou muna ta neman na tuwo. Ina da rumfar abinci a bakin tasha a unguwar Guéma, sai na ɗora garmahonsa mai batir a kan benci don ya jawo mini masu saye. Ya kuwa jawo su.

Mawaƙin mutum ɗaya ne, amma in ya fara sai ka rantse gida guda ne ke rigima. Ya yi muryar tsohuwa, ya yi ta jandarma, ya yi kuka har da jan majina, ya buga ƙofa, duk a cikin kiɗa. Hausa yake yi da Dendi da Faransanci a cakuɗe, yadda muke yi a kasuwa. Dattawan unguwa suka ce wannan ba waƙa ba ce, shaƙiyanci ne. Direbobi kuwa suka haddace shi kaf.

Waƙar da ta raba kan mutane tana bayan faifan. Wani mai goro ne daga Djougou, mai i'ina, jandarma ya tare shi a hanya yana tambayar sunansa, suna ya ƙi fita. Jandarma na daka tsawa, shi yana ta tuntuɓe da harshe. A ƙarshe sai mai goron ya bar magana ya soma rerawa, muryar ta fito sumul, ya faɗi duk abin da ke cin ransa. Wurin nan ni hawaye yake sa ni. Amma 'yan tasha ba su taɓa kaiwa nan ba, da an wuce wurin dariyar sai su ce a mayar baya. Fataken Djougou suka ce da su ake, an mai da kakanninsu abin wasa, har wasu suka hana a shiga musu gida da faifan.

To, yayana mai goro ne a Djougou, kuma da i'ina aka haife shi. Ƙato ne, ƙofa ma sai ya sunkuya, amma tun tasowata ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ga ko kaza ba. Magana ce wahalarsa. Yakan ɗauki lokaci kafin kalma ta fito, jijiyar wuyansa ta tashi, amma yakan dage sai ya faɗe ta, kuma a gidanmu ba mai ƙarasa masa zance.

Ranar da ya iso da huhunan goro, wajen azahar ne, tare da abokan fataucinsa. Ina hango shi na ɗage allurar garmaho, na zuba masa tuwo. Akwai wani ɗan kamasho a tashar, mutum ne mai bakin tsiya, kullum a rumfata yake ci. Ya ji yadda yayana ya amsa gaisuwa, sai idonsa ya yi ƙyalli. Ya miƙa hannu ya juya faifan, ya ɗora allura.

Na ce, “Kai, cire hannunka daga kayan mijina!”

Ko kallona bai yi ba. Ya tsaya a gaban yayana ya ƙame kamar jandarma, ya ce, “Kai mai goro, yaya su-su-sunanka?”

Tasha ta kwashe da dariya. Yayana ya ajiye lomar da ke hannunsa. Bakinsa na motsi, ba abin da ke fita, garmaho kuwa na ta yin i'inar a madadinsa. Na kama hannun rigarsa na ce, “Yaya, don Allah tsaya ka ji ƙarshenta, ba zaginka ake ba!” Ya dube ni, kallon da ban so ba, ya zare muciyata daga tukunya.

Bugu ɗaya ya yi wa ɗan kamashon a gefen fuska. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Mutumin ya zube, jini na bulbulowa daga idonsa, tuwo mai zafi manne da kuncinsa. Direbobi suka yo ca da ƙarafan taya, fataken Djougou suka tare su da sanduna. Innalillahi! Benci ya tashi sama, kaskon mai ya kife a ƙafar wani tsoho, yana ta birgima yana salati. Goro ya watse a ƙasa ana tattakawa. Wani ya shaƙe yayana ta baya, na fasa masa kwano a ka, ba na kuma nadama. Ni ma na samu rabona, tabon yana nan a girata. An karya hannun mutum a gabana, ina ganin ƙashin fari.

Sai ga sojoji a mota, suna dukan kowa da bulala har fili ya buɗe. Aka nuna musu yayana. Suka durƙusar da shi a rana, babbansu ya tsaya a kansa ya ce ya faɗi sunansa.

Yayana ya ɗaga kai, ya fara. Harafin farko ya fito, ya maƙale. Ya sake, ya maƙale. Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, sai ta bazu. Na ga fuskar sojan ta canza, nan take na gane shi ma ya san faifan, kuma ya ɗauka yayana wasan waƙar yake masa a gaban jama'a.

“Ni za ka mayar jandarman waƙa?” in ji shi.

Na yi kururuwa, “Ranka ya daɗe, haka aka haife shi! Wallahi haka aka haife shi!” Wani soja ya hankaɗe ni na faɗi. Babban ya sake tambaya, yayana ya sake dagewa, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke. Yana tsakiyar kalmar aka sauke masa gindin bindiga a baki. Haƙoransa suka zubo a kan rigarsa, harshen ya tsage. Aka ja shi ta ƙafa zuwa mota.

Ɗan kamashon ya rasa idon. Yayana ya sha zaman kurkuku, da aka sake shi ya wuce Djougou kai tsaye, bai biyo ta gidana ba. Na hau mota na bi shi. Na same shi a zaure yana yayyafa wa goro ruwa, ya rame, bakin ya warke a karkace. Na durƙusa na ce, “Yaya, sannu. Ni ce.”

Ya buɗe baki, leɓensa na rawa, ina jira yadda muka saba. Sai ya dubi masu saye da ke tsaye a ƙofa, ya rufe bakin, ya ɗaga mini hannu. Da hannu ya ci gaba da ciniki, da hannu ya aurar da 'ya'yansa. Har ya bar duniya ban ƙara jin muryarsa ba, abin da na ji na ƙarshe shi ne rabin sunansa.