Gidanmu a Idon Sabon Jirgin Yaya

Yayana mai hoto ne. Shekara ashirin da ɗoriya yana cikin wani matsattsen shago mai shuɗin labule da fitilu biyu, yana ce wa mutane, "Ɗaga haɓa kaɗan, kar ka ƙifta." Aikinsa yana da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Ciwonsa ɗaya ne: in ya ƙyalla ido ya ga sabuwar na'ura, to ba ya ji ba ya gani. Tun da ya sayi wani ɗan jirgin ɗaukar hoto mai kukan sauro, maƙwabtan shagonsa suka laƙaba masa Matuƙi, wai shi ne matuƙin jirgi marar matuƙi. Shi kuwa har amsawa yake yi.

A makon da aka shafa wa gidanmu jan fenti, aka ce ranar Litinin za a rushe shi titi ya wuce, a makon ne babban jirgin da Yaya ya daɗe yana mafarki ya iso. Ɗan ƙaramin kuwa tuni ya sayar da shi. Mama tana wurina a lokacin, ƙafa ta hana ta ko fita ƙofa. Shekara arba'in da ɗaya ta yi a gidan nan, kuma abu ɗaya ta roƙa.

"Ka ɗauko mini gidana in riƙa gani," ta ce da shi.

"An gama, Mama. Hoton da za ki gani, ko a talabijin ba ki taɓa ganin irinsa ba."

Ranar Lahadi da rana na biya masa ta shago. Na ce ya rataya kyamararsa ta kullum, ko don tsaro. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ke, ta jikin wannan ta ninka ta sau goma. Mu tafi."

A tsakar gidan, wanda babu komai sai shatin gadaje da ƙusoshi a bango, ya buɗe jakar yana shafa jirgin kamar jinjiri. Yana kunna shi, ya ce sai an sabunta manhaja. Yaya ya karɓe wayata don intanet ɗinta ya fi ƙarfi, muka zauna muna kallon wani ɗan layi yana jan ciki fiye da awa guda. Yana cika, rimot ɗin ma ya ce shi ma sai an yi masa. Daga nan sai rajista, sai kalmar sirri, sai wata lamba da aka tura wani adireshin da Yaya ya manta tun tuni. Ƙarshen wulaƙanci, jirgin ya umarce shi ya ɗauke shi ya riƙa juyawa da shi. Ga ƙato da furfura a gemu yana katantanwa a tsakar gida, gumi ya wanke shi, ni kuwa takaici ya hana ni dariya.

Da ƙyar jirgin ya tashi bayan la'asar. Yaya ya nufi ƙofar ɗakin Mama da shi, sai ya ja ya tsaya cak a iska yana ƙara. Ashe idanu gare shi ta ko'ina, ba ya yarda ya kusanci bango. Ya tura, ya ƙi. Ya sake turawa, ya ja da baya.

"Wancan ɗan banzan ko ta taga na ce ya shiga, shiga yake yi," in ji shi yana ƙwafa. "Wannan shi ne zai koya mini aiki?"

"To ka riƙe shi a hannu ka shiga da shi mana, Yaya."

"Jirgi a hannu? Bari dai in gwada sama tukuna."

Yana cilla shi sama, fushin ya tafi. Ya hau washe baki yana kirana in zo in ga yadda ake iya ƙirga ƙusoshin kwano. Gaskiya hoton ya fito tar. Ya zagaya, ya ƙara zagayawa, ina ce masa rana tana tafiya, yana cewa saura kaɗan. Can jirgin ya yanke wa kansa hukunci, ya ce batir ya yi ƙasa, ya sauko ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Sauran batiran biyu ba a taɓa yi musu caji ba. Wayata ma ta mutu a hannunsa.

Muka yi da shi za mu dawo da sassafe da kyamara. Ƙarfe bakwai muka iso, muka tarar katafila ta riga mu, ta rushe gidan. Muka juyo gidana.

Ya haɗa hoton da talabijin ɗin falo, na gyara wa Mama matashi, na miƙa mata tabarau. Ta daɗe tana kallo.

"Masha Allah, ya yi kyau. Gidan wa ne?"

"Naki ne, Mama. Ga rufin ɗakinki nan, ga tankin ruwa."

"Yo ni na taɓa hawa rufi? Sauko da shi, ɗan albarka, ka shiga ciki in ga ɗakina."

A talabijin jirgin yana ta yin sama, gidan yana ƙanƙancewa cikin sauran rufuna. Mama ta gyara zaman tabarau, ta matso gaba, tana jira.