Kwanon Ruwan Yaya Sule

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sule, mai ba da hayar lasifika a ƙauyenmu da ke kusa da Zakirai, Allah ya jiƙansa. A bana na ga abin da bai taɓa faruwa a hannunsa ba.

Yana da wani babban akwatin lasifika mai fitar da amo mai kauri, irin wanda ake ji a ƙirji. Tsarinsa ɗaya ne a kowane taro. Da farko ya kwantar da tsohuwar tayar mota nesa da bango. Sai buhun ƙaiƙayi a kanta. Sai akwatin. Daga ƙarshe ya ajiye kwanon sha cike da ruwa a ƙasa, sannan ya kunna. In ruwan ya yi rawa, ya kashe ya sake gyarawa. Ana yi masa tsiya wai lasifikarsa ta fi amarya gata. Shi kuwa sai ya ce, "Kunnuwa aka gayyata, ba ƙasa ba." Gaskiyarsa ce. In ya raba akwatin da ƙasa, kowane bugun ganga daban yake fita, ba ya zama gurnani, kwanuka ba sa kaɗawa a ɗakunan mata.

Ɗansa Auwalu, wanda yanzu magidanci ne, ya gaji kayan. Sai shekarun nan suka tsananta. Ya juye ƙaiƙayin ya gauraya wa tumakinsa da dusa. Tayar kuma masu yanka takalmi suka saye.

A tsakiyar damina aka yi suna a maƙwabtana. Ko'ina laka ce, sai Auwalu, da aka ɗauko da lasifikarsa, ya nemi busasshen wuri, ya ɗora akwatin a kan dutsen gindin rumbuna, ya jingina shi da jikin rumbun. Rumbun ƙasa ne, tsoho, ya sha ruwan sama, kuma a cikinsa ragowar dawar da za ta kai iyalina kaka take.

Ina dawowa daga gona da la'asar, na ji motsin a tafin ƙafata tun kafin in gane waƙar. Ina isowa rumbun ya tsage daga gindi, dawa ta kwararo cikin laka.  Matan suna suka bar shewa suka ɗauko faifai.

Na juya na ce, "Auwalu, ina buhun ubanka?"

Ya ce, "Baffa, tumaki sun cinye."

Me Yaya Sule zai ce da zamanin da ƙaiƙayi ya fi ƙarfin a bar shi a buhu? Ban sani ba. Na dai san da ya hana kiɗan ranar, ko da masu suna za su yi fushi.

Mun kai kaka da ƙyar, da abin da mata suka tsince da wanda Auwalu ya ɗebo daga gidansa. Yayana bai bar gona ba, bai bar gini ba, wannan tsarin kaɗai ya bari. Saboda haka da aka yi sussuka, buhun da na fara cikawa na ƙaiƙayi ne. Na kai wa Auwalu wurin wani biki, na tarar ya aro taya. Na tsaya a kansa har ya ajiye kwanon, ya kunna. Ruwan bai motsa ba.