Shirun Urve Pihlak

Kullum da safe Urve Pihlak takan sauka daga bas a Tallinn, babban birnin ƙasarmu, riƙe da baƙin burodinta da kifin gwangwani, ta hau bene ta zauna gaban kwamfuta. Aikinta tantance masu neman katin mazaunin ƙasa ta intanet: mutum yana can garinsu, bai taɓa taka ƙanƙararmu ba, amma ya buɗe kamfani da sunanmu. Manya sun ce haka ƙaramar ƙasa ke tara abokai. Ba mu da mai, ba mu da rundunar tsoratarwa. Suna kaɗai gare mu, shi ma aronsa muke bayarwa.

Wanda Urve ta yi shakkarsa, takan kira shi ta bidiyo ta yi tambaya ɗaya: "Me kake sayarwa?" Sai ta yi shiru. Mu nan shiru ɗan gida ne. Mata da miji kan yini a kansa lafiya lau. Baƙo kuwa ƙaiƙayi yake yi masa. Mai gaskiya yakan amsa ya jira. Maƙaryaci yakan yi ta zuba.

Raivo, abokin aikinta, ya shaida ranar da wani mai kwat ya ce manhaja yake sayarwa. Shiru. Ya ƙara da zinariya. Shiru. Kafin shayinta ya huce, ya ambaci "kuɗin abokai masu neman masauki". Ta hana shi katin.

Kaspar, matashin shugaban sashen, ya leƙo. "Haba Urve, babban kifi ne fa. Ki riƙa ɗan murmushi, ƙasa muke tallatawa."

"Babban kifi ya fi wari. Sunan ƙasar kuma ba gadon gidanku ba ne."

"Kujerarki ma ba gado ba ce."

Ta yi masa shirun. Ya yi ta zuba, har ya faɗi cewa an riga an sayo na'urar da za ta gaje ta.

Da aka sallame ta, manya sun ce ritaya ce. Na'urar tana amsawa tun ba a rufe baki ba, kowa yana yabonta, musamman masu nema. Ranar walima aka nemi Urve ta yi jawabi. Ta miƙe ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Kaspar ne ya fara magana.

Urve, ke ce ƙyauren da ba ya ƙara. Kin tsare mana suna har ya ci kujerarki. Mun gode, ko da manya ba su gode ba. Ku da kuka rage a benen, ku yi tambaya ku kama bakinku. Wanda ya kasa jira, ku dube shi da kyau.