Ranar da Motar Maigida Ta Yi Shiru

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, maigidana yana tuƙa motar auduga tsakanin Tsafe da Bunguɗu. Ni kuwa ina cikin gida a Gusau, ko zaure ba na leƙawa. Tun da aka ba ni labarin wata mota da ta kife da direbanta, duk ranar da ya fita ba na iya cin abinci.

Da ya ga ina ramewa, sai ya yi dabara. A ƙarƙashin motar akwai wata tukunyar ƙarfe da hayaƙi ke bi, wadda yanzu ake ce wa salansa. Ya kwance ta ya ajiye. Motar ta koma ruri, tun daga bayan gari nake jiyo ta, in yi hamdala in ɗora ruwan tuwo. Maƙwabta suna ta tsine mata, ni ko a jikina.

Wata ranar kasuwar Tsafe rurin ya firgita garken wani Bafulatani, shanu suka afka cikin masu sayar da tukwane. Magana ta kai gaban alƙali, aka yanke cewa in motar ta sake ruri kusa da gari ko kasuwa, ta bar hanyar ke nan. Dole maigidana ya mayar da tukunyar ƙarfen. Na san Bafulatanin ke da gaskiya, amma har yau ina jin haushinsa.

Fitar maigidana ta farko bayan haka da damina ce, an yi ruwa mai yawa, ga shi Bunguɗu ya nufa, inda sai an ƙetare gulbi. Da azahar ya saba dawowa. Azahar ta wuce, shiru. Na hana a daka hatsi a gidan don kada ƙarar turmi ta toshe mini kunne. La'asar ta yi, na kasa tuna raka'a nawa na yi. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai, ba abin da nake gani sai motar a cikin ruwa.

Da rana ta yi ja na ɗauki mayafi. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa fita ba izini ba, amma na kutsa zaure.

Sai ga shi zaune a ƙofar gida bisa tabarma, yana ɓare gyaɗa da abokansa, ga motar an wanke ta tas. Ya miƙe a firgice ya shigo.

“Ke, lahiya? Ina za ki?”

“Malam, yaushe ka dawo?”

“Tun azahar nike nan. Ba ki jiya ba?”

“Da mi zan ji?” na ce. Na zauna a ƙasan zauren, kuka ya ƙwace mini.