Bashin Likkafani a New Bell

Shekarar da aka buɗe gada ta biyu a kan kogin Wouri, lokacin da mutane ke hawa bensikin, wato acaɓa, zuwa unguwar Deïdo don kawai su tsaya su kalli motoci suna ƙetarawa, a shekarar ne abokina ya fito a fim. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Tare muka yi karatun allo a zaure ɗaya a New Bell, unguwarmu a Douala. Ni na zauna a kan karatun, shi kuma ya shiga kasuwar Mboppi yana dillancin yadi. Tun muna samari Allah Ya ba shi kwaikwayo. In ya ɗauki tafiyar mutum, ko daga nesa ka hango shi za ka faɗi ko wane ne. Duk Sallah shi ke haɗa wasan samari a filin makaranta, har gemunsa ya yi furfura bai daina ba.

Wata rana bayan Azahar ya shigo mini da takardu. Wasu masu shirya fim na Faransanci suna neman dattijo Bahaushe, aka nuna musu shi. Faransancinsa na kasuwa ne, yana ji yana mayarwa, amma karatun boko ba ya yi masa sauri. Sai 'yata, wadda ke aikin ofis a Akwa, ta riƙa karanta mana maganganunsa, ni ina rubutawa da ajami yadda kunnena ya ji, shi kuma yana haddacewa yana rangaji kamar mai biya allo.

"Malam, ka ga inda karatu ya kai mu," in ji shi. "Da tawadar addu'a kake rubuta mini tambayoyin 'yan sanda."

Na ce, "Da biro nake rubutawa. Tawadata ba ta shiga wannan."

Labarin fim ɗin na ɓarayi ne da kisan kai. Ana satar kaya a tashar jiragen ruwa, an kashe wani ɗan dako da ya gano, wani babban ɗan sanda yana bin sawu. Abokina shi ne tsoho mai sayar da yadi a kasuwar Marché Congo, wanda ya ga fuskar makasan daga rumfarsa ya yi shiru saboda iyalinsa. Daga baya ya yi magana, shi ma suka kashe shi. Ɗan guri ne ƙarami a cikin labarin.

Abokin nawa yana da wa guda ɗaya, tela, Alhaji ne, kuma shi ke ɗinka likkafani a unguwarmu kamar yadda mahaifinsu ya yi kafin shi. Douala gari ne na baƙi. Mutum zai taso daga arewa da shanu ko da albasa, ajali ya same shi a nan ba dangi ba kowa. Saboda irin waɗannan ne 'yan kasuwa ke kai wa Alhaji farin yadi sadaka, yana ajiyewa a wani akwati daban. Kuma yana da ƙa'ida. In ka zo ka ce likkafani kake so, ba ya tambayarka wa ya rasu, don kada mai rashi ya ji kunyar ya zo karɓar na sadaka. Tsawo kawai yake tambaya, ya yi salati, ya ture duk ɗinkin da ke gabansa.

Ranar da za a ɗauki wurin jana'izar tsohon a fim, masu fim suka kawo zanen gado fari suka ce abokina ya kwanta su nannaɗe shi. Ya ce ba haka ake suturta Musulmi ba, ba za a nuna wa duniya muna binne mutanenmu kamar ƙunshin kaya ba. Suka ce to ya kawo na gaskiya gobe. Da safe ya je shagon wansa.

"Yaya, likkafani nake so, na namiji."

"Tsawo fa?"

"Kamar nawa."

Ya gaya mini daga baya cewa ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga Alhaji ya riga ya ce inna lillahi, ya buɗe akwatin, leɓensa na motsi da addu'a ga mamacin da babu shi. Nauyi ya kama shi. Ya ce a ransa zai faɗa idan an gama. Da aka gama kuma sai ya karɓa ya fita.

Alhaji ya rufe shago ya tafi masallaci jiran sallar gawa. Aka yi Azahar ba a kawo kowa ba. Aka yi La'asar. Ya tambayi liman, ya tambayi masu haƙar kabari, kowa ya ce bai ji rasuwa ba. A teburin mai shayi ya ji labarin, daga bakin wani da ya ga ana ɗaukar ƙanensa a makara, Turawa da 'yan kudu suna zagaye da shi da na'urori.

Ina nan lokacin da suka haɗu a ƙofar gidana. Alhaji bai ɗaga murya ba.

"Wannan yadin na matattu ne," ya ce. "Na baƙin da ba su da kowa. Ka sa na yi wa wasa addu'a."

"Yaya, zan biya."

"Na ce maka kuɗi nake so? Ina binka likkafani. Je ka."

Abokina ya sayi farin yadi mai kyau a Mboppi ya aika, aka dawo masa da shi. Ya sake aikawa ta hannun liman, aka sake dawowa da shi. Alhaji ya ce abin da aka ɗauka da yaudara ba a mayar da shi ta hannun ɗan aike, kuma da abokina ya je da kansa sai ya tarar da shi ya juya baya yana taka keke. Daga nan sallama kawai ta rage tsakaninsu, ita ma don kada su shiga zunubin gaba.

Unguwa kuwa ta sami abin dariya. In ya zo wucewa sai ka ji, "A ba gawa hanya." Mai shayi yakan ce masa, "Da madara ko baƙi? Ko a can ba ku shan madara?" Yana dariya tare da su, yana ma ƙara musu. Amma ya daina tsayawa a sahun gaba, kuma Sallar da ta biyo baya bai haɗa wasan samari ba.

Da fim ɗin ya fito aka nuna shi a wani ɗakin taro a Akwa. Daga unguwarmu ni da 'yata kawai muka je. Hotonsa ba ya jikin allon talla. Ni ba ma'abocin kallo ba ne, kuma harbe-harben da gudun motocin ba su shiga raina ba. Amma duk lokacin da abokina ya bayyana sai in manta na san shi.

Akwai wurin da ɗan sandan ya zo rumfarsa yana yi masa tambayoyi. Shi ɗan sandan yana ta daka tsawa yana buga tebur, masu kallo na tafa masa. Abokina bai dube shi ba. Yana ninke turmin atamfa, ya ninke ya warware, ya sake ninkewa, yana amsawa da gajerun kalmomi. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar yadi ya san mai yadi ba ya kuskuren ninki ko da idonsa a rufe. Shi kuwa kowane ninki sai ya karkace kaɗan, ya kai hannu ya gyara, ya ƙara karkacewa. Tsoron mutumin gaba ɗaya yana cikin yatsunsa, fuskar kuwa lafiya lau.

Bayan ɗan sandan ya tafi sai tsohon ya ɗauki buta ya tsuguna bayan rumfa. Ya wanke fuska, ya wanke hannun dama zuwa gwiwar hannu, ya tsaya yana kallon ƙasa. Sai ya sake wanke hannun dama. Ya shafi kai, bai taɓa hannun hagu ba. Ya miƙe zai tafi, ya dubi hannun rigarsa na hagu a bushe, ya koma ya tsuguna ya faro daga farko. A daidai wannan wurin mutanen da ke gefena suna duba waya, wani na tambayar matarsa ko ta kulle mota. Babu wanda ya rubuta masa wannan a takarda, ni na sani, don ni na kwafi takardun.

Aka yi ta yabon fim ɗin a rediyo. Aka yabi ɗan sandan, aka yabi yarinyar da ta fito a matsayin lauya. 'Yata ta ce sau ɗaya ta ji an ambaci abokina, shi ma ba da suna ba, "tsohon Bahaushen nan" aka ce. Ba a sake kiransa wani fim ba. Ya koma dillancinsa. Na gaya masa abin da na gani a wurin alwalar, ya yi murmushi ya ce, "Ashe an gani." 

Shekaru suka wuce a haka. Sai ciwon hanta ya kama shi. Ya kwanta asibiti, daga baya likitoci suka ce a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a. Na je duba shi wata safiya da damina, ruwa ya cika lungunmu har sai da na tattare riga. Ya rame, idanunsa sun yi rawaya. Matarsa ta kawo mini kujera ta fita.

"Malam, ban ji tsoron tafiyar ba," ya ce. "Abu ɗaya ke hana ni barci. Yaya ne zai ɗinka mini. Ba zai ƙi ba, na san shi. Amma zai ɗinka yana fushi da ni, a sa ni a ciki."

 Na yi masa addu'a na fito.

Ranar Asabar, da 'yata ba ta zuwa aiki, na ce ta zo da fim ɗin a wayarta mu je shagon Alhaji. Muka gaisa. Ya tambayi jikin ƙanensa, don kullum yana tambaya ta bakin mutane, yana kuma aika kuɗin magani ta hannun matar ba tare da ya ce daga gare shi ba ne. Na faɗa masa abin da ya kawo mu.

"Malam, kai ma? Da girmanka?"

"Da girmana na kalla, Alhaji, kuma ban ga abin da ya rage mini ba."

"Ni ban taɓa kallon fim ba, ba kuma zan fara da furfura ba."

"To kada ka kalla. Mu za mu kalla a nan, ruwa ya hana mu tafiya."

'Yata ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai, ta tsallake zuwa wuraren da baffan nata yake, don haka take kiransa. Tana fassara Faransancin a hankali. Alhaji ya ɗauki wata riga yana yi mata aikin hannu a wuya, kansa a sunkuye. Da aka zo wurin ninkin atamfa na ga allurar ta rage sauri.

"Ninkin nan ba daidai ba ne," ya ce, kamar da rigar yake.

"Ya sani," na ce.

Aka zo wurin alwala. Alhaji ya ajiye rigar a cinya. Ya matso da fuskarsa kusa da wayar, don idonsa ya fara rauni.

"Ya bar hagu."

Ya nuna wayar da yatsa.

"'Yata, mayar da shi baya."

Ta mayar. Ya sake kallo har tsohon ya dubi busasshen hannun rigarsa ya koma ya tsuguna. Alhaji ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Haka Baba ya yi," ya ce. "Ranar da aka zo daga asibiti aka ce masa Inna ta cika. A tsakar gida. Muna tsaye muna kallonsa, ba wanda ya iya ce masa ya bar hannu. Shi wannan lokacin yana ƙarami. Ban san ya riƙe ba."

Na so mu tsaya a nan, amma ya ce a nuna masa wurin makarar. Ya kalla bai ƙifta ba. An lulluɓe gawar yadda ya kamata, an ɗaure ta sama da kai da ƙasa da ƙafa, an kwantar da ita a gefen dama.

"Wa ya suturta?"

"Shi ya nuna musu. Zanen gado suka kawo, ya ƙi. Abin da ya kai shi wurinka ke nan."

"Me ya hana shi faɗa mini?"

"Ka riga ka fara addu'a."

Ya daɗe zaune. Ruwa na zuba a kan kwanon shagon. Bai ce ƙanensa ya yi daidai ba, ni ma ban ce ba. Da aka kira La'asar muka tafi masallaci tare, da muka fito bai juya wajen shago ba, gidan ƙanensa ya nufa, na bi shi.

Abokina ya yunƙura zai tashi da ya ga wanda ya shigo, Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi. Ya zauna a bakin gadon. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin ta mutanen da ba su san ta inda za su fara ba.

"Na ga aikinka," in ji Alhaji.

"Wane aiki, Yaya?"

"Na butar nan. Ka iya. Ban san haka ka iya ba." Ya gyara zama. "Da Baba ya gani da ya zage ka, sannan ya shiga ɗaki ya yi kuka."

Abokina ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya kira matarsa ya ce ta buɗe ƙasan adaka. Ta fito da farin yadin nan da aka yi ta dawo masa da shi, a cikin ledarsa. Ya karɓa da hannu biyu ya miƙa.

"Yaya, ga na baƙi. Ka yafe mini."

Alhaji ya warware yadin ya auna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, yadda yake auna kowane yadi da aka kawo masa sadaka. Ya murza bakinsa tsakanin yatsu ya ji kaurinsa. Sannan ya ninke ya ɗora a cinyarsa.

"Ya cika," ya ce. "Na karɓa. Malam, ka shaida, ba na binsa komai."

Na ce na shaida.