Sunan da Inna Tarana Ta Raɗa

Ban taɓa mantawa da ranar da wani Alhaji ya kawo mahaifiyarsa biro ɗinmu, wato ofishinmu, a kan zancen sunansa ba, ko da yake an fi shekara ashirin, ni kaina ma na aje aiki. Ku da kuke kan kujerun yanzu kun iske komai cikin ordinatar, wato kwamfuta, shi ya sa nake so ku ji yadda muka yi da shi.

Lokacin ina shekara ta uku da kama aiki a sashen eta-sibil na wata meri, wato ofishin magajin gari, a nan yankin Gaya. Ga wanda bai sani ba, eta-sibil shi ne inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Kowace haihuwa da shafinta cikin babban rajista, a yage rabi a ba iyaye, rabi ya zauna wurinmu. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, nawa rubutu da neman tsofaffin shafuka. Shugaban sashe, Mushe Nomau (mushe shi ne malam a faransanci), shi ke dubawa kafin a kai wa magajin gari ya sa hannu a buga kashe, wato hatimi. Dattijo ne marar yawan magana, ya san rajistocin nan kamar ɗakin kwanansa.

Wata Litinin da damina, mutumin ya fara zuwa shi kaɗai. Babban mai fiton kaya ne a bakin gadar iyaka, kamyo nawa, manyan motocin kaya, ke ƙetarawa Malanbil ta ƙasar Benin da takardunsa, kowa kuma Alhaji Abdul'aziz yake ce masa. Ya miƙo mini katinsa, na karanta a fili: Ajuji Arzika. Sai dariya ta kuɓuce mini. Ba da ƙarfi ba, amma ya ji.

Ya ce, "Ka gani ko? Abin da ya kawo ni ke nan. Ko'ina na miƙa katin nan sai an yi wannan dariyar. Ni na saba. Amma yanzu 'ya'yana ake tsokana a lakkwal, makarantar boko, ana ce musu 'ya'yan juji. Babbar ta ce ba ta komawa."

Kunya ta rufe ni. Na yi masa bayanin ƙa'ida: mu ba mu canza suna, alƙali ne ke yi a jastis, amma sai an kai masa cikakken kwafin shafin haihuwa daga rajista. Na kwana biyu ina neman shafin cikin rajistocin shekarar da ke kan katinsa, ban samu ba. Takardarsa ta asali kuwa ta sha ninki har lambar ta goge. Mushe Nomau ya ce masa, "Alhaji, a can baya akan rage wa yara shekaru don shiga lakkwal. Kawo mana babba wanda ya san lokacin da aka haife ka."

Ranar Alhamis ya dawo da tsohuwarsa, Inna Tarana. 'Yar ƙaramar mata ce, matar masunci, hannuwanta duk sun yi baƙi da hayaƙin bandar kifi. Ta gaishe ni da "Fofo, ɗana," wato sannu, ta zauna kan benci. Mushe Nomau ya tambaye ta yaushe ta haifi Alhaji. Ta ce shekarar da kogi ya cika har ya cinye musu shinkafar fadama, wata biyu bayan ruwan ya janye. Mushe ya ƙirga da yatsu, ya nuna mini wani rajista can ƙasan kanta. Shekara uku ne kafin wadda ke kan katin. Ban buɗe shafi talatin ba na gan shi, da rubutun alƙalamin tawada, harufa a kwance irin na ma'aikatan da.

Nan na yi wauta ta biyu. Ban san Alhaji ya ce mata takardar fasfo suka zo nema ba. Cikin murna na ce, "Inna, ga shi mun samu. Yanzu sai a kai wa alƙali a canza sunan."

Ta ce, "Wane suna?"

Alhaji ya sunkuyar da kai, babban mutum mai furfura a gemu, ya ce, "Inna, saboda yara ne. Babbar ta ƙi komawa lakkwal saboda tsokana."

Sai ta juyo wurina, kamar ni ne ya kamata in ji. Ta ce, "Ɗana, ka san me ya sa na sa masa? Huɗu na binne kafin shi. Ba wanda ya kai yaye. Na ba su sunaye masu daɗi, duka suka tafi. Da na haifi wannan, ranar suna da safe na ɗauke shi na kwantar da shi kan juji bayan gida, na juya baya na yi tafiyata, kamar ba na so. Don mutuwa in ta zo ta ce wannan ba shi da mai so, ta wuce. Maƙwabciyata ta ɗauko shi ta ce ta tsinci yaro, ko zan riƙe mata. Taku goma ne tsakanina da jujin nan, amma ban taɓa yin tafiya mai nisan ta ba. Liman ya raɗa masa nasa a kunne. Ni kuwa da malamar likita ta ce in je a rubuta shi, Ajuji na faɗa, don in mutuwa ta iya karatu ta iske shi a nan ma."

Alhaji ya ce, "Ba ki taɓa gaya mini huɗu ne ba."

Ta ce, "Ba ka taɓa tambaya ba."

Na ɗauka za ta hana. Sai ta ce, "Je ka canza. Sunan ya gama aikinsa, ga ka da jikoki a hanya. Kada a kori yarinya daga karatu saboda tsoron da na ji tun ba a haife ta ba." Ta nuna rajistan da haɓa. "Amma wannan takardar, yage ta za ku yi?"

Mushe Nomau ne ya amsa. Ya ce, "A'a, Inna. Ba a yage shafin da ya zauna wurinmu, ba a gogewa. In alƙali ya yanke, a gefe muke rubutawa da jan biro. Na asali yana nan har abada."

Ta ce a nuna mata. Na juya mata rajistan. A ƙasan shafin, inda mai kawo sanarwa ke sa hannu, akwai dangwalen yatsa, tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Mushe ya ce, "Naki ne." Ta ɗora babban yatsanta a kai, ta ce, "Rannan da shi a bayana na zo. Ina dangwalawa ina jin numfashinsa a wuyana, ina ƙirgawa." Alhaji ya tashi ya fita waje, ya tsaya gindin dogon yaro yana duban hanya. Ban bi shi ba. Na rubuta kwafin, aka sa hannu, aka buga kashe, na ba tsohuwar ta riƙe masa.

Da suka tafi Mushe Nomau bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Daga yau in an faɗa maka suna, rubuta. In bakinka na ƙaiƙayi, tambayi dalili."

Bayan kamar wata uku takardar alƙali ta iso, Alhaji da kansa ya kawo. Na buɗe ina shirin rubuta cewa an cire Ajuji, sai na ga ba haka ya roƙa ba. An ƙara Abdul'aziz a gaba don takardun yara, an bar Ajuji a bayansa. Na ɗago na dube shi. Ya ce, "Duk duniya Inna kaɗai ke kira na da shi yanzu. Ran da ba ta, sai littafinku." Ya ce ya zaunar da 'yarsa ya ba ta labarin, ta yi kuka, kuma ta koma lakkwal. Ko an daina tsokanarta, ban sani ba. Ni dai na rubuta abin da aka ce da jan biro, a hankali, don kada hannuna ya ɓata shafin.

Tun daga nan nake tambaya. Na koyi Shibkau da shuka aka haife shi, Anaruwa ana tsaka da ruwan sama, Namata shi ne namijin da ya zo bayan 'yan mata, Abarta kuwa roƙo ne uwarta ta yi. Mutane kan yi mamaki da farko, sannan su gyara zama su ba ka labari, wani har ya manta abin da ya kawo shi. A shekaruna na ƙarshe sai in yi wata shida ban rubuta ko ɗaya cikin waɗannan ba, sai Amir da Hanan da Ilham. Sunaye ne masu kyau, ba na kushe su. Amma nakan yi kewar lokacin da kana buɗe rajista za ka san wace shekara aka yi ruwa, wane gida aka sha kuka.

Ku da kuka gaje mu, har yanzu tsofaffi za su riƙa zuwa muku da irin waɗannan sunaye, daga Yelu, daga Junju, daga ƙauyukan bakin kogi. Aikinmu ya nuna mini ba wanda ke sa wa ɗansa suna a banza. Ku rubuta shi yadda aka faɗa, kada ku gyara wa kowa, kuma kada ku yi dariyar da na yi. Wata uwa ce ta zaɓe shi, a ranar da ita kaɗai ta san abin da ke cikin ranta.