Shinel

Ina tsinke zogale a kicin ɗin ɗana, nan Gaithersburg ta Amurka, sai wata murya ta daka tsawa daga wayar jikata: "Shinel! Shinel!" Kwanon ya suɓuce mini.

Aikin lakwal, wato makaranta, aka ba ta a kan wani ministan Jamus na zamanin babban yaƙi. Ta nuna mini shi, fari sol, gashi a kwance, zaune gaban alƙalai. Ta ce shi ne mai neman hannayen da za su yi wa ƙasarsu aikin dole. Bai taɓa ɗaga bulala ba, takarda yake sa wa hannu.

Ni ban shiga lakwal ba, amma na riga ta sanin kalmar nan.

Ƙanen babana ya tafi yaƙin Faransa, Jamusawa suka kama shi. Sanda na yi wayo ya dawo gida, babu yatsu biyu a ƙafar hagu, wai sanyi ya cinye su. A tsaye yake cin tuwo, da zafinsa, yana waige. Ƙanzo kuwa cikin riga yake cusa shi. Da damina, in hadari ya yi ƙara, sai ya saki hauya ya riƙa kiran Shinel.

Matan gidanmu suka yanke hukunci: sunan Baturiya ne, ita ta shanye shi. Kakata ta sayar da akuyarta, ta karɓo rubutun da zai wanke masa son matar. Ya shanye.

Mu yara muka samu abin wasa. Mu laɓe bayan rumbu mu yi ihu, "Baffa, ga Shinel ta zo!" Sai ya zabura ya sunkuci duk abin da ke kusa, turmi ne ko dutsen murhu, ya yi ta gudu da shi cikin tsakar gida yana haki. Muryata ta fi ta kowa. Har ya rasu ban daina ba.

Na ce wa jikata, "Ke, wace ce matar nan?"

Ta yi dariya. "Kaka, ba mata ba ce. Yi sauri suke cewa da Jamusanci. Masu gadin fursunoni ne."

Na tambaye ta ƙarshen ministan. Ta ce an ba shi lauya da tafinta, an saurare shi wata da watanni, an ɗaure shi. Ya fito da furfura, ya mutu cikin mutanensa.

Shi an tambaye shi abin da ya yi. Baffana kuwa, gida cike da dangi, babu wanda ya zauna ya tambaye shi abin da aka yi masa.

Ƙasar nan kowa sauri yake. Kullum da safe uwar jikokina tana tsaye bakin ƙofa, motar lakwal na jira, tana cewa in taya ta kora su. Da ina yi, kuma suna jin tsorona. Yanzu in na buɗe baki, maganar ba ta fita.